Ƙwayoyin Barcin da Ka Aiko wa Baba

Yaya Alƙasim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Abijan, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan Tamaske mun gode Allah, an yanke hatsi, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ranar Juma'a ya faɗi a bakin masallaci, goshinsa ya tsage, ya tashi bai gane Illa maƙwabcinmu ba. Mun kai shi asibiti a Tawa. Likita ta tambayi abin da yake sha, na nuna mata ƙwayoyin barcin da kake sako masa cikin kayan da direbobi ke kawowa. Ta dudduba su. Sannan ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙofofi da ke karɓar saƙon lafawa, su ne birkinta. Da tsufa sukan canza, barci ya yi ƙaranci, amma ƙwayar da saurayi zai sha ya wartsake, tsoho takan danne masa birkin fiye da kima, ta kuma daɗe a jikinsa. Daga nan jiri da ruɗewa suke zuwa. Ta ce faɗuwa ta gaba tana iya karya masa ƙugu. Ta kuma gargaɗe mu kada a yanke masa lokaci guda, don zai iya kamuwa da jijjiga. A hankali za a rage.

Ga inda abin ya tsaya. Baba ya ƙi. Ya ce abin da ɗansa ya aiko daga bakin teku ba a raina shi, kuma duk majalisarsu ta san Alƙasim bai manta da shi ba. Yana ɓoye su cikin hularsa, yana ƙarawa kan abin da likita ta ƙayyade. Har abokinsa Malam Hassan ya gutsura wa.

Yaya, ban ɗora maka laifi ba, na san ƙauna ce. Amma ni mace ce kuma ƙarama, ba ya jin tawa. Ka kira shi da kanka, ka ce kai ka yi umarni a rage. Idan sabon ƙunshi ya riga ya hau mota, ka gaya wa direba ya damƙa a hannuna.

Ka gaida Khairiyya da Sabi'u da Furera. Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka bari sai wata Juma'ar, don Baba ya rantse da ƙafarsa zai tafi masallaci.

Ƙanwarka,
Mardiyya