Rasuwar Sajan Manjo Na'ibi Bawa, Wanda Muka Bari a Bakin Aiki a Jidda

Cikin alhini mai tsanani, da kunyar da ba mu da hanyar ɓoye ta, Rundunar Sojojin Ko-ta-kwana ta Jiha, a madadin Mai Girma Kwamandanta da manyan hafsoshinta da ɗaukacin mazajenta, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar ɗaya daga cikin dattawanta, Sajan Manjo Alhaji Na'ibi Bawa, wanda Allah Ya karɓi ransa a unguwar Karantina da ke birnin Jidda ranar Talata bakwai ga watan Zulƙida, yana da shekara hamsin da shida, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin ya iske tawagarmu ne a ranar da ta sauka Jidda domin rakiyar alhazai da aka sake ɗora mana a Hajjin bana, kwana tara da kai shi makwancinsa.

Marigayi Alhaji Na'ibi ya shiga soja tun yana saurayi, ya je yaƙin Bama a cikin masu ɗauko waɗanda aka harba da ɗaure musu rauni, ya dawo gida ya kama noma. Da aka kafa wannan runduna yana cikin mutum arba'in na farko da suka ba da sunansu. Kamar yadda jama'a suka sani, mazajenmu tsofaffin sojoji ne da suka ajiye kaki suka koma gona da kasuwa, amma sunansu yana cikin rajista. Sukan hallara atisaye sau biyu a shekara, ana kuma nemansu idan ambaliya ta ci gari, ko gobara ta tashi, ko annoba ta ɓarke. A wancan lokaci, rakiyar alhazan jiha ma tana cikin aikinmu. Babu kiran da aka taɓa yi wanda Sajan Manjo bai amsa ba, kuma da yawa daga cikin kuratanmu a hannunsa suka koyi yadda ake ɗaukar maras lafiya ba tare da an ƙara masa ciwo ba.

A Hajjin shekarar 1970 ya zo Jidda cikin tawagar mutum goma sha biyu. Da lokacin komawa ya yi, alhazai bakwai suna kwance ba za su iya hawa jirgi ba, sai aka ba shi umarni a rubuce ya tsaya tare da su, kada ya bar wurin aikinsa har sai an aiko wanda zai canje shi, aka kuma yi masa alkawarin ba za a wuce wata biyu ba. Fasfo ɗinsa ya bi akwatin takardun tawaga ya koma gida bisa kuskure. A cikin watannin nan biyu ne aka yi wa rundunar garambawul: aka raba ta shiyya uku, kowace da magatakardanta da rajistarta, aka kuma cire rakiyar alhazai daga ayyukanta. Shiyyarsa ta ɗauka sunansa yana hannun hedkwata tun da yana aikin ƙasar waje, hedkwata kuwa ta ɗauka ta riga ta miƙa shi ga shiyya. Babu wanda aka aika.

Wasiƙa goma sha ɗaya ya rubuto. Dukkansu sun iso, kuma an buga wa kowace hatimi aka tura ta wani ofishi. Da alhazai suka riƙa dawowa suna cewa sun gan shi a Jidda cikin kaki yana kama hannun tsofaffi, maimakon mu bincika, sai muka ɗauki wannan a matsayin shaidar ya sami wurin zama ya ƙi dawowa. A shekara ta biyu aka ayyana shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, aka karanta sunansa a gaban fareti. Ni mai wannan sanarwa, a lokacin ina mataimakin magatakarda a hedkwata, ni na buga takardar, ni na kai aka sa hannu, ban kuma buɗe ko ɗaya daga cikin wasiƙunsa ba. Mai ɗakinsa, Malama Turai, sau huɗu tana zuwa ƙofar hedkwata da wasiƙar da ya aiko mata a hannu tana roƙon a karanta, ana sallamarta daga bakin ƙofa. 'Yarsu Rabi'atu an ɗaura mata aure mahaifinta yana nan Jidda yana jiranmu. Duk da matsin dangi, Malama Turai ta ƙi zuwa gaban alƙali a raba aurenta, tana cewa ta san wanda ta aura.

Abin da ya faru da shi a waɗannan shekaru mun ji shi ne daga bakin Malam Abdulghani, kafinta haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo ƙasar nan da ƙafa, wanda ya ba shi ɗaki a gidansa na Karantina. Ya shaida mana cewa biyar daga cikin alhazan nan bakwai sun warke, marigayin ya sa su jirgi da kansa, biyu kuma shi ya yi musu wanka. Bayan haka ya zauna ba fasfo, ba iƙamar da ke ba baƙo izinin zama, ba kafilin da zai tsaya masa, yana dako a tashar jiragen ruwa, da zarar lokacin Hajji ya zo sai ya goge kakinsa ya tafi masaukin alhazai yana neman mutanen jiharmu. Maƙwabta sun sha ba shi shawara ya miƙa kansa ga hukuma a mayar da shi gida tare da marasa takarda, yana amsa musu cewa ba a canje shi ba tukuna. Da muka gabatar da kanmu, Malam Abdulghani ya daɗe yana kallon kakin da ke jikinmu, sannan ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Yanzu kuka zo?" Ya raka mu maƙabarta, amma kaburburan ƙasar nan ba a sa musu suna, layin kawai ya iya nuna mana.

Saboda haka Mai Girma Kwamanda ya ba da umarni ta waya cewa a soke takardar da ta kira marigayin gudajje, a mayar da sunansa cikin rajista da cikakken muƙaminsa, a kuma karanta wannan sanarwa a faretin kowace shiyya. Daga yau, duk wanda rundunar ta aika aiki wajen jiha, sunansa zai kasance a hannun hafsa guda wanda zai amsa tambaya a kansa kowane wata. Mun san wannan bai mayar wa iyalinsa komai ba.

Rundunar tana miƙa godiyarta ga Malam Abdulghani da jama'ar Karantina, waɗanda suka ciyar da mutuminmu, suka yi jinyarsa, suka sallace shi. Tana kuma miƙa ta'aziyyarta ga Malama Turai da Rabi'atu da sauran 'yan'uwa, tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta wa Sajan Manjo Alhaji Na'ibi Bawa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙurin wannan rashi a kan haƙurin da suka daɗe suna yi. Ba za mu nemi gafarar Malama Turai a takarda ba. Idan Allah Ya mayar da mu gida lafiya, Kwamanda da ni za mu je ƙofar gidanta mu yi sallama, in ta ga dama ta amsa.

Kafin nan muna roƙon duk alhajin da ya riga mu isa gida, idan ya je yi mata gaisuwa, ya gaya mata a gaban mutane cewa mijinta bai gudu ba.

Kyaftin Alhaji Mahmudu Usuman
Kakakin Rundunar Sojojin Ko-ta-kwana ta Jiha
Jidda, 22 ga Zulƙida 1395 (Nuwamba 1975)