Jirgi a Tsakar Gida

Kabara, Kano
4 ga Maris, 2021

Zuwa ga Yayata Husaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Alhaji da yara da mutanen Yola baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Na ɗauki biro ne don maganar nan ba ta waya ba ce. Kin san gidanmu, in ka yi tari maƙwabta sun ji.

Yaya, tun da maigidana Malam ya yi ritaya hankalina bai kwanta ba. Shekara talatin yana gyara wa mutane jiragen sama, yanzu ya ce nasa zai ƙera, ɗan ƙarami, a tsakar gidanmu, ya riƙa yawon buɗe ido da shi har Yola. Tuƙi ya iya tun yana saurayi, takardar izinin tuƙin ma bai taɓa barinta ta mutu ba. Na ɗauka zancen tsufa ne, sai ga shi ya baje zane biyu a tabarma, ya ce in zaɓa.

Na farko na alminiyam ne, kujera ɗaya, mai gudun tsiya, amma tankinsa ƙarami, sai ya sauka a Gwambe ya sha mai. Kwance shi ake yi gunduwa-gunduwa a ɗora a mota. Na biyu na katako ne da ake lulluɓewa da yadi, kujera biyu, ba ya sauri, amma awa biyar yake yi a sama bai nemi mai ba. Wai ko injinsa ya mutu, a hankali yake saukowa kamar shirwa. Wannan "ko injinsa ya mutu" ita ta hana ni cin tuwo ranar. Fiffikensa kuwa guda ɗaya ne, a manne da gam, tsawonsa kamu ashirin.

Ke kin san 'ya'yan marina ne mu, a Ƙofar Mata Baba ya koya mana awon yadi da hannu kafin mu iya karatu. Da safe Malam ya shiga wanka, na lallaɓa na auna soro. Ƙofar ciki da ta waje ba sa kallon juna, haka kakan su Malam ya gina don kada na waje ya hango mata, sai ka yi kwana biyu sannan ka faɗa lungu. Abin da ya wuce kamu bakwai ba zai juyu a nan ba. Na dawo na ce masa na katakon na zaɓa.

Ya yi ta murna, wai ina da ido. Allah ya yafe mini, Yaya. Gara ya tsufa yana fafara katako a gabana da in tsaya ina kallon sama.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Turai

Kabara, Kano
19 ga Oktoba, 2023

Yaya Husaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata jiki ya yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Na ga saƙon zuma, Allah ya saka da alheri.

Abin da na shuka ya tsiro. Jirgi ya ƙeru, yana nan ya cinye tsakar gida, shanya ma a kan soron sama muke yi. Abin kunyar, ni na ɗinka masa yadin fiffiken da kekena, na ja shi ya ɗame kamar fatar kalangu. Ina ɗinki ina cewa a raina ai ba inda za shi. Sai dai in gaya miki gaskiya, ya yi kyau. Da Malam ya tada injin, kaji suka watse, shi kuwa yana dariya irin wadda rabona da ji tun muna amarci.

Jami'an hukuma biyu sun zo sun duba, sun ce a kai shi fili a gwada. Ranar Litinin aka tara maza takwas aka ɗauki fiffike. Ya shiga soro kamu shida ya tsaya cak. Aka karkata, aka ɗaga, aka ja baya, abu ya ƙi. Ina daga ƙofar ɗakin girki ina riƙe da ludayi, ba wanda ya kalle ni, amma ji nake kamar sunana ne rubuce a jikin bangon.

Na zaci a nan zance zai mutu. Ina! Da yamma Sule magini ya zo ya ƙwanƙwasa bangon soro, ya ce kwana biyu ya ishe shi ya rushe. Yaya Isyaku, wan Malam, ya ji labari ya iso da sandarsa, ya zauna a kan dakali ya ce sai dai a rushe da shi a ciki, don a soron nan aka sallaci mahaifinsu. Malam kuwa tun ranar yakan zauna gindin jirgin yana goge abin da ba shi da ƙura, abinci kuwa sai na yi da gaske.

Ina tsoron ya tashi, ina kuma tsoron abin da zama zai yi masa. Ki ba ni shawara, kada ki yi mini faɗa, wanda na yi wa kaina ya isa.

Taki,
Turai

Kabara, Kano
6 ga Nuwamba, 2023

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Wasiƙarki ta iso, faɗan da na ce kada ki yi kin yi shi shafi biyu, na kuma gode.

Na bi maganarki, na gaya masa komai bayan ya karya kumallo. Na shirya wa fushi, Yaya, amma sai ya ce ai ya gan ni ta tagar banɗaki a safiyar da na yi awon, ina ɗora gwiwar hannu a bangon soro. Ya ce mutumin da ya shekara talatin yana awon ƙarfe ba ya manta awon ƙofar gidansu. Na tambaye shi to me ya sa ya ƙera. Ya ce shi na zaɓa, kuma da ya ga hannuna a kan yadin ya sa rai zuciyata ta sauko. Sule ma ba shi ya kira shi ba, abokansa ne, soron mahaifinsa kuwa ba zai taɓa ba. In ban yarda ba, jirgi ya zauna jikoki su yi wasa a ciki.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya fita masallaci, ni kuma na je na leƙa cikin jirgin, abin da ban taɓa yi ba. Kujerar baya ta fi ta gaba tudu, ya ɗaga ta da taƙi guda, ya sa mata matakin ƙafa. Kin san tsayina, har yau kina ce mini gajeruwa. Na auna da hannuna, daidai ni ce. Tun shekarar farko ya yi ta, bai taɓa faɗa ba.

Akwai abin da na sani tun ranar da na yi awon farko na ɓoye. Bangon ɗakin girkina shi ne ya ba titi baya, in an cire shi mota ma ta shigo. Jiya na aika aka kira Sule ya rushe bangon, na kwashe tukwanena da kaina. Yaya Isyaku ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce Allah ya yi mini albarka, bai san rabin labarin ba.

Ranar Asabar zai gwada shi, shi kaɗai, haka doka ta ce, sai ya cika wasu awoyi kafin ya ɗauki mutum. Zan je filin. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Ki sa yara su yi mana addu'a. In Allah ya sauko da shi lafiya, bayan Sallah ki share mana ɗaki, ki kuma riƙa duba sama ta wajen yamma. Mutum biyu za ki yi wa girki.

Wassalam. Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Turai