Ƙorafi Kan Layin da Alhaji Nomau Ya Goge

Zuwa ga: Mai girma Malam Bakari Tala, Shugaban Kwamitin Sa Ido, Ƙungiyar Fataken Wake ta Sai Da Haƙuri, Gidan Runji.

Daga: Marwa Gambo, mai kula da kwamfutar farashi ta ƙungiya.

Kwanan wata: Litinin, 13 ga Disamba, 2021.

Game da: Goge layi na 46 daga shirin kibiya, da yunƙurin ɗora mini laifin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan an gama kaka lafiya, ina gabatar da kukana kafin zaman ranar Alhamis, wanda na ji a bakin mai shayin ƙofar ofis cewa zaman korata ne.

1. Kamar yadda kwamiti ya sani, ni na rubuta umarnin da kwamfutar take bi. Wakilanmu na kasuwanni suna turo farashin tiyar wake ta waya, ita kuma ta zana hawansa da saukarsa, sannan ta fito da kibiya: koriya a saya, ja a sayar. A layi na 46 na gindaya mata sharaɗi cewa in farashi ya yi tsallen da hankali ba zai ɗauka ba, ta dakata, ta yi gargaɗi da jan rubutu.

2. Ranar 22 ga Nuwamba, ina wajen suna a Gidan Sori, gargaɗin ya fito. An yi rashin sa'a, a daidai lokacin mataimakin shugaba, Alhaji Nomau Jaye, yana nuna wa baƙi daga Maraɗi irin ci gaban da muka samu. Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ga jan rubutu a gaban baƙi rashin kunya ne. Ya hura wa kwamfutar iska, ya kashe ya kunna, ta ƙi. Sai ya bi lambar layin da gargaɗin ya ambata, ya goge shi ɗungurungum. Jan rubutu ya ɓace, baƙi suka yaba da ƙwarewarsa.

3. Ga abin da marigayi layin yake ƙoƙarin faɗa. Sabon wakilinmu na Cadakori, Buba, ya turo farashi da dala, wato kowace ɗaya sefa biyar, yadda kowa ke ciniki a bakin kasuwa, alhali kwamfuta sefa kaɗai ta sani. Ya rubuta ɗari biyu yana nufin jaka guda, wato sefa dubu, ita kuwa ta ɗauka wake ya faɗi warwas. Kibiya ta yi kore shar. Alhaji ya tara amalanken shanu har da na surukansa, ya shige gaba bisa babur zuwa Cadakori sayen wake. Mutanen Cadakori, a gaskiya, sun nuna karamci: sun ba shanu ruwa kafin su fara dariya. An ce yanzu duk wanda ya taya kaya da arha a can, sai a tambaye shi ko daga Gidan Runji yake.

4. Da na dawo na bi shirin layi-layi, ina gwada shi da tsohon kwafin da ke wayata, har na kai inda aka yi aika-aikar. Kafin in mayar da layin, Alhaji ya canza lambar sirri. Daga nan ya bi membobi ɗaya-ɗaya yana cewa kibiyata maƙaryaciya ce, wai rabin karatun na iya. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, ranka ya daɗe. Damina biyu kibiyar nan tana yi mana jagora babu wanda ya tambayi sunan mai ita, kuma da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata. Na san tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, amma ban zaci har da ni za a naɗe a ciki ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin girmamawa, ya sa a dawo mini da lambar sirri, a wanke sunana a gaban membobi, a kuma janye batun korar. Ban nemi a hukunta Alhaji ba. Ya isa a sanar da shi cewa cire ƙararrawa ba ya kashe gobara.

Ina kuma roƙon a gaggauta duba wannan takarda. Da safiyar yau wakilinmu na Agiye ya kira ni a ruɗe, ya ce farashin buhu ya tura a gurbin na tiya. Kibiya ta yi ja wur, tana cewa a kwashi komai a kai Agiye. Ina wannan rubutu ina hango ƙofar sito a buɗe, ana loda babbar mota ta biyu, Alhaji na tsaye yana ƙarfafa wa 'yan dako gwiwa. Na so in yi masa magana, amma ya riga ya sanar da ni cewa ba ni da baki a harkar ƙungiya sai bayan zaman Alhamis, ni kuwa mai biyayya ce.

Allah ya ja zamaninka, ya ba kwamiti ikon yin adalci, da kuma saurin karatu.

Taka mai ladabi,

Marwa Gambo