Dutsen Burkusuma Ya Tafi Ingila

Garin Isa, daren Laraba, watan Rajab

Barci ya ƙi zuwa, raina tafasa yake. Yau na nuna wa Baturen makaranta dutsen da ya faɗo daga sama a Burkusuma, wanda Ardo ya ba ni amana. Na buɗe mishi littafin da na shekara shida ina rubuta fitowar taurari, na roƙa En'e ta ɗauki nauyina in karanci ilimin taurari.

Ko duba littafin bai yi ba. Wai, "Malam Garba, malamin dabbobi ƙasarku ke buƙata." Sannan ya naɗe dutsen cikin auduga, za a kai Ingila a bincika.

Mi za ni gaya wa Ardo? Dutse ya samu tafiya karatu, ni an ce in koma aji.