Ƙafar Kofur Na'ibi

Karantina, Jidda
Zulhajji, 1975

Zuwa ga matata Maimuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen bariki. Ni lafiyata ƙalau, an sauke farali, Allah ya karɓa. Jirginmu ne dai ya ƙi zuwa. Kullum ina filin jirgi, kullum a ce sai gobe. Abdulghaffar, ɗan kawuna da aka haifa a nan, shi ya sauke ni, yana ta yi mini dariya wai ina zagaya tsakar gidansa kamar mai gadi.

Dole in zagaya. Na ji a rediyo za a sake fasalin rundunar soja, a haɗe bataliyoyi, a canza shugabanni, kuma kwamiti zai bi bariki-bariki ya saurari wakilan ƙananan sojoji kafin a rage mutane. Wakilin bataliyarmu kuwa ni ne, ga ni nan ina kallon teku! Idan babu mai magana, waɗanda suka ji rauni a yaƙin basasa za a fara sallama.

Abin da ya fi damuna shi ne Kofur Na'ibi. Muddin ban iso ba shi za su tsayar, don ya fi kowa baki. Kin san harsashin da ya lalata masa gwiwa. Tun bayan yaƙi na ajiye shi a sito, duk ranar fareti in nemo masa aikin zaune, har manya suka manta da ƙafar. Shi kuwa wakili a ƙame yake magana, ba motsi, sai an ba shi izini. Maimuna, ki je da kanki ki haɗa shi da Allah ya bar wa wani. Aikin nan kaɗai gare shi.

Ki gai da yara. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Saje Idris


Karantina, Jidda
Muharram

Maimuna,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku. Amsarki ta same ni a bakin tashar jiragen ruwa, inda na je neman ko jirgin awaki ne ya kwashe ni. Na karanta, na zauna a ƙasa.

Ban ga laifinki ba. Na san kin roƙi Na'ibi, na kuma san taurin kansa. Wato ya tsaya ƙyam ya ambaci masu raunin nan ɗaya bayan ɗaya, da aikin da kowa ke iya yi, har kwamiti ya yarda a bar su a sito da ofis. Kika ce sai da ya sara wa kwamiti zai juya ƙafar ta ƙi, ya faɗi a gabansu, likita ya duba, aka sallame shi shi kaɗai. Ya yi magana a madadin kowa, ya ƙi ambatar kansa.

Haushinsa nake ji, wallahi, ina kuma alfahari da shi, na rasa wanda ya fi. Abinci ma Abdulghaffar sai ya yi da gaske nake ci.

Kafin a karɓe ɗakin Na'ibi na bariki, ki share namu na baya ki kwaso kayansa. Idan ya yi gardama ki ce umarnin Saje ne. Na san yanzu ba ni da ikon ba shi umarni, amma ki faɗa haka, zai zo.

Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Idris