Muryar mahaifinmu tana cikin kwamfutar da ta ƙi buɗe mini

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana, akwai ɗalibaina a nan, ƙanina ne dai ba ya ciki, na duba sau biyu kafin in rubuto. Don Allah ku ba ni shawara, masana kwamfuta da masana zaman gida duka, don matsalar tawa ta haɗa biyun.

Ni malamin sakandare ne a yankin Tudun Wada, tarihi nake koyarwa. Mahaifinmu ya rasu bara. A watannin jinyarsa, kullum bayan la'asar nakan zauna gefen tabarmarsa in ɗauki muryarsa a waya, yana faɗin inda kakanninmu suka taso, yadda suka sauka a garin Ƙofa, wa ya haifi wa, wace rijiya wa ya haƙa. Wani lokaci ya ajiye tarihin ya koma tsokanar mahaifiyarmu Inna, ita kuma tana daga bakin ƙofa tana cewa a kashe abin nan. Da wayar ta cika sai na kwashe komai na zuba a kwamfutar gida, irin ta kan tebur wadda ba ta da batir, na goge na wayar, wayar ma tuni ta bar hannuna.

Farkon daminar nan na kunna kwamfutar, na sa fasuwod, sai ta rubuto da Turanci cewa ta kasa loda furofayil ɗina, wato ɗakin da ta ware mini inda duk fayilolina suke. Na kashe na kunna, ta buɗe. Bayan mako biyu ta sake, wannan karon ta shigar da ni wani furofayil na wucin gadi, allo wayam kamar gidan da masu haya suka tashi, sai da na kunna ta sau uku kayana suka dawo. Mai hankali a ranar zai nemi filash ya kwafe. Ni kuwa na yi hamdala na koma makin jarrabawa.

Kuma na san musabbabin. Inna tana wurina tun bayan takaba. Ita 'yar ruga ce daga wajen Doguwa, tana yarinya tsawa ta faɗa kan garken mahaifinta a gaban idonta, tun daga nan in hadari ya haɗo ba ta barin komai a jikin soket, rediyo, fanka, caja, duk sai ta bi ta zare. Kwamfutar a falo take, in ta tarar da ita a kunne ba ta neman maɓalli, daga bango take fizge wayar wutarta. Abin da na karanta ya nuna irin wannan kashewar ce take lalata furofayil. To ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, in za ta yi mini magana sai ta kalli bango ta ce a gaya wa malam, ta yaya zan tsaya gabanta in ce Inna ki daina? Na tura matata, ita ma da kunyar surukuta ta kewaya ta kewaya, Inna ta ce ai inji bai fi rai ba, magana ta mutu a nan.

Ranar Laraba ina jera rikodin ɗin aka kira la'asar, na bar ta a kunne na tafi masallaci, muna raka'a ta biyu na ji cida, wallahi ban san abin da na karanta a sauran sallar ba. Na dawo na tarar da wayar wutar kwamfutar a ƙasa, an zare ta. Yanzu ko furofayil na wucin gadin ba ta ba ni, in na sa fasuwod sai ta rubuto saƙonta ta mayar da ni inda na fito, kuma akwai wata ƙara ƙas-ƙas a cikinta da ban san ta da ita ba.

Na ɗora ta a babur na kai wa mai gyara a cikin gari, tun kafin in sauke ya ce malam fomatin kawai, wato a goge komai a sake sabo. Da na gaya masa abin da ke ciki sai ya ja hannunsa, ya ce ƙarar nan ta hadis ce, ma'ajiyar fayilolin, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe, a cire ta a kai Kano, can ma mako guda ne ko fiye kuma ba alkawari. A intanet kuma cewa ake fayilolin suna nan lafiya, a shiga ta wata ƙofar baya a gyara layi biyu a rajistar na'urar shi ke nan. Na karanta matakan har zan iya koyar da su a aji, amma duk wanda ya rubuta su ba muryar ubansa ce a ciki ba.

Ga inda laifina ya fi girma. Ƙanina da ke Kiru ya roƙe ni kwafi sau uku, ni kuma don kada ƙaramin yaro ya koya mini adana tarihi sai na ce masa ya kwantar da hankali, na ajiye a wuri uku. Babu ko ɗaya. A kan wannan maganar tawa ya sanar a guruf ɗin dangi cewa a taron zumuncin bana, kwana uku bayan Babbar Sallah, za a saka muryar Baba a lasifika. Saura kwana tara. Baffanninmu na Badafi har sun ce a tanadar musu kujerun gaba.

Jiya muka yi sa'insa da matata. Ta ce in kira ƙanina in faɗi gaskiya, na ce na san bakinsa, tambayarsa ta farko wa ya taɓa kwamfutar, kuma kafin magariba maganar za ta iso kunnen Inna, tsohuwar da har yanzu ba ta yarda a ɗaga buzun sallar mijinta ba, ta ji cewa da hannunta ta zare muryarsa daga bango. Matata ta ce ba Inna nake karewa ba, girmana nake karewa, wai da na sayi filash tun ranar farko da Inna ta zare soket ɗari ba abin da zai faru. Na yi fushi sosai.

Yau da safe ina ɗaura takalmi, Inna ta tsaya a tsakar gida tana kallon randa, ta ce a gaya wa malam, in da hali tana so ta ji abin nan ita kaɗai kafin ranar taro, ba ta so idonta ya kawo ruwa a gaban 'ya'ya. Tun rasuwar Baba ba ta taɓa roƙona komai ba sai yau. Na ce to, gobe in sha Allah.

Masana, in sake kunna ta in gwada gyaran da hannuna, ko in cire hadis ɗin in kama hanyar Kano da asuba? Wanda ya taɓa jin irin wannan ƙarar kuma ya tsira da fayilolinsa ya gaya mini yadda ya yi. Ƙanina kuma, in faɗa masa yanzu in ɗauki laifin duka, ko in jira sakamakon Kano? Amma wadda ta fi gaggawa, ku da kuka san iyaye irin nawa, gobe in ta shimfiɗa tabarmarta a falo ta zauna tana jira, me zan ce a gaya mata?