Dutsen Murhunki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo.

Aminci ya tabbata gare ki, ke da maƙwabtanki na kushewa a Attantane. Bayan gaisuwa da ban girma, ɗanki ne Isufu, daga ƙasar Turawa.

Kin tuna shekarar farin nan da soja suka hau mulki, da yayana Mamman ya tafi arewa haƙar ma'adini? Bai komo da hatsi ba. Da dutse ya komo, fari, mai ɗigo-ɗigo kamar tagulla. Ƙasarmu rairayi ce, dutse baƙo ne. Kika juya shi a hannu kika ce, "Ko banza ya ɗauki tukunya." Kika maishe shi ƙafar murhu.

Da wuta ta kama, sai gida ya ɗauki warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, alhali anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci da yunwa, kaɗai ke cikin tukunyar. Ɗigon ya yi baƙi. Gashinki ya soma bin mataji, faratanki suka dare. Maƙwabta suka ce iska ce.

Yanzu gadi nake a gidan adana duwatsu. Cikin gilashi na ga mai kama da shi, bai kai ƙwayar wake ba, an kulle. Wai jan ƙarfe ne da baƙin ƙarfe da wani abu, seleniyom. Da wuya a same shi, sai cikin jijiyar dutse, kusa da uraniyom. Mai kula da wurin ya ce in ya sha wuta, hayaƙinsa dafi ne.

Ban rantse namu irinsa ne ba. Ban ce shi ya ci ki ba. Yunwa ta riga shi. Mamman kuma abin da hannunsa ya kai ya kawo.

Amma Inna, fari ya dawo, sojan na nan, autarki Rabi kuma a kan dutsen nan take girki. Na aika kaset na roƙe ta ta cire shi. Ta maido cewa ba ta tumɓuke abin da hannunki ya girka. Wai in warin ya taso, ta san kin shigo gidan. Tana dariya take faɗa mini kitso ya daina zama a kanta.

Innata, in ke ce kike shigowa, ki shigo sau ɗaya tak, ki ce ta kai dutsen daji ta binne. Ni ba ta jin tawa. Daga nan ki daina zuwa, ko ta kira ki.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya jinkirta haɗuwarki da ita.

Ɗanki da ya yi nisa,
Isufu